Ƙanena ya shiga zaman masu barin giya, gida sun ce a kai shi a kulle

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ƙanena yana tuƙa pragya, wato keken haya mai ƙafa uku, a unguwar Aboabo. Ya daɗe yana shan akpeteshie, giyar gida mai ƙarfi, har ta kai sai ya kurɓa da safe hannunsa ke daina rawa. Kwanan nan ya fara zuwa wani zama na waɗanda suka bar giya, a ɗakin taron wata coci. Ya rage sha, amma bai daina ba. Kawunmu ya ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, a hana shi zuwa, a kai shi wurin wani mai magani da ke kulle mutum mako biyu har giyar ta fita daga jikinsa. Ni hankalina bai kwanta ba. Daga wata yaya a Kumasi.

Amsa: Hajiya, gara da hankalinki bai kwanta ba. Don girman Allah kada ku kai shi wurin nan.

Mutumin da sai ya sha da safe hannunsa ke tsayawa, jikinsa ya riga ya dogara da giyar. Idan aka yanke masa ita dare ɗaya, cikin awa 6 zuwa 24 zai fara karkarwa da gumi da amai. Cikin kwana biyun farko yana iya faɗuwa yana shure-shure kamar mai farfaɗiya. Tsakanin kwana na biyu da na huɗu ne babban haɗarin yake: zazzaɓi, zuciya na dukan uku-uku, bai san inda yake ba, yana kaɗe ƙwarin da babu su daga jikinsa, yana ihu wai macizai na bin bango. Mu likitoci mun san wannan yanayi, kuma yana kisa. To a daidai wannan lokaci ne mai magani zai leƙo ta taga ya ce wa dangi, "Alhamdu lillahi, aljanin ne yake fita, kada kowa ya buɗe." Sai a ƙara hayaƙi, a ƙara ɗaure ƙafa. Wanda Allah ya yi wa sauran kwana a kawo mana shi a bayan tasi, leɓe a bushe, harshe a cije, sawun sarƙa a idon sawu. Wanda kuma ya cika, a ce kwanansa ne ya ƙare, mai magani ya riga ya karɓi kuɗinsa da ragonsa. Abin da ke ƙona mini rai shi ne dangin nan ba mugaye ba ne, kunya ce ta kai su. Sun gwammace a ce ɗansu yana da aljanu da a ce mashayi ne. Ghana tana da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa tun 2012, an kuma haramta ɗaure marasa lafiya da sarƙa a 2017, amma a lungunan zango har yau ana yi.

Haka batun garin da ake sayar wa mata su barbaɗa a tuwo ko koko a ɓoye. Ba ki san me ke ciki ba, shi ma bai san an ba shi ba. Kada kuma ki sayo masa diazepam, maganin kwantar da jiki da sa barci, a kemis; idan ya haɗu da giya yana iya tsayar da numfashi. Maganin nan mu ma da shi muke aiki, amma da awo, ana rage shi kullum, tare da allurar bitamin B1 da ƙarin ruwa, ana duba mutum. Ki raka shi sashen masu taɓin hankali na asibitin Komfo Anokye, wato Gee, ya faɗi gaskiyar yawan abin da yake sha. Fitar da giya daga jiki aikin kamar mako guda ne.

Bayan makon nan fa? Nan amfanin zaman yake. Ranar da ya ajiye pragya da magariba, kuɗi a aljihu, abokan da na kiransa, ni ina gida, ke ma ba zai iya gaya miki "ina jin ƙishirwarta" ba. Amma zai iya kiran wanda ya taɓa ɓoye kwalba a bayan randa, ya san duk ƙaryar da mashayi ke yi wa kansa. Haka ƙungiyar AA, ta mashaya masu taimakon juna su bar giya, ta faro a 1935 a garin Akron na Amurka: Bill Wilson ya ji yana dab da komawa sha, sai ya nemi wani mashayi, likita Bob Smith, su yi magana. A 2020 masu binciken Cochrane, ƙungiyar da ke tantance binciken likitanci, sun tattara nazari 27, mutum sama da 10,000, suka ga wannan hanya tana kai mutane ga barin sha ɗungurum daidai da sauran hanyoyin jiyya, wani lokaci ma ta fi su. Kawu ya yi gaskiya cewa aboki yana shafar mutum, sai dai waɗannan ba su ne abokan da zai ji wa tsoro ba.

Batun coci kuwa, aron ɗaki ne. Ba a tambayar kowa addininsa, ba kuɗin shiga, abin da aka faɗa a ciki a nan yake tsayawa. Idan aka ce masa ya bar sallah ko ya kawo kuɗi, to ba wurin ba ne. Ni tambayata ga limamanmu da sarakunan zango ita ce, me ya sa sai a coci yaranmu ke samun ɗaki? Ya zo a Bukhari cewa da aka kawo wani mai shan giya, wani ya yi masa mugun baki, Annabi (SAW) ya hana, ya ce kada su taimaki Shaiɗan a kan ɗan uwansu. Mu kuwa a ware masa kwano, a tashi in ya zauna a majalisa, sannan a yi mamakin ya koma wurin da ake masa maraba.

Ki samu Kawu cikin ladabi, in da hali ki zo da shi asibiti mu yi masa bayani da kanmu. Idan kuma ƙanen naki ya zame ya sha bayan ya daina, wanda yakan faru, kada a hana shi zaman wannan makon. Ki ba shi kuɗin mota ya je.