Ba ɗan adawa shugabancin kwamitin asusu: shi ke nan an samu 'yanci?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, na ji an ce a ƙasashe da dama ɗan jam'iyyar adawa ake ba shugabancin kwamitin majalisa mai bin diddigin yadda gwamnati ke kashe kuɗi, wai don kada masu mulki su juya shi. To in haka ne, me ya sa ake ta zaman sauraron bahasi, ana ɗaga murya a talabijin, daga baya kuma shiru kake ji? Kwamitin nan yana da 'yancin kansa kuwa, ko suna ne kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam. Abin da ka ji gaskiya ne, ɗan'uwa, sai dai kujerar shugaba ita ce mafi ƙanƙanta cikin abubuwan da ke ba kwamiti 'yanci.

Al'adar daga Birtaniya ta samo asali. A 1861 majalisar wakilan ƙasar ta kafa kwamitin asusun gwamnati bisa shawarar William Gladstone, wanda ke riƙe da baitulmali a lokacin, ƙasashen da suka gaji tsarinta kuma suka kwaikwaya. Indiya ta kafa nata a 1921, amma sai a 1967 aka fara miƙa shugabancinsa ga 'yan adawa. Hikimar a fili take, wanda jam'iyyarsa ta kashe kuɗi ba zai yi zafin nama wajen tono inda suka shiga ba.

To amma shugaba ƙuri'a ɗaya gare shi. Kujerun kwamiti ana raba su ne gwargwadon ƙarfin kowace jam'iyya a zauren majalisa, don haka galibi masu mulki ke da rinjaye a cikinsa. An ga haka a Indiya a 2011, lokacin da shugaban kwamitin, Murli Manohar Joshi, ya kawo daftarin rahoto kan badaƙalar rabon lasisin sadarwa na 2G, mambobin ɓangaren gwamnati da ƙawayensu suka haɗa kai suka yi watsi da shi. Kuma kada mu ɗauka ɗan adawa waliyyi ne. Shi ma yana iya mayar da kwamiti dandalin yaƙin neman zaɓe, ko ya kawar da kai daga abin da ya faru zamanin da jam'iyyarsa ke kan mulki. Shi ya sa nake ganin tambayar da ta fi muhimmanci ita ce wa ke naɗa mambobi, wa kuma ke iya cire su. Inda shugabannin jam'iyya ke raba kujerun kwamiti a matsayin ladan biyayya, ɗan majalisa ya san ranar da ya matsa wa minista lamba, ranar ya fara sallama da kujerarsa. Birtaniya ta gyara wannan a 2010, inda aka koma zaɓen shugabannin yawancin kwamitoci ta ƙuri'ar sirri a zauren majalisa baki ɗaya, kujerar kwamitin asusu kuma ƙa'idar majalisa ta keɓe wa babbar jam'iyyar adawa. Margaret Hodge ce ta fara hawa ta wannan hanya.

Bari in daɗe a kan abin da mutane ba su cika lura da shi ba. 'Yan majalisa ba akantoci ba ne, ba kuma su da lokacin bin rasiɗai dubbai. Idon kwamiti shi ne babban mai binciken kuɗi na ƙasa, wato Odita Janar. Abin da ya gani ya rubuta, shi kwamiti ke tattaunawa. Abin da bai gani ba, ko aka hana shi gani, ya wuce ke nan. Saboda haka duk gwamnatin da ke son gurgunta kwamiti ba ta buƙatar taɓa shi. Ta riƙe kuɗin ofishin Odita, ta hana shi ɗaukar ma'aikata, ta bar kujerar a hannun mai riƙon ƙwarya wanda ke jiran a tabbatar da shi, aikin ya gama.

Ƙasashe sun yi ta neman maganin wannan. A Amurka, shugaban ofishin binciken kuɗi da aka kafa a 1921 wa'adi ɗaya yake yi na shekara 15, ba sabuntawa, don haka ba ya neman yardar kowa domin gobe. Tsarin mulkin Kenya na 2010 ya ba Odita Janar wa'adi ɗaya na shekara 8. Birtaniya kuwa, a dokar 1983, ta mayar da shi jami'in majalisa, aka kuma ɗauke batun kasafin ofishinsa daga hannun baitulmali aka ba wata hukuma ta 'yan majalisa. A Najeriya, sashe na 85 na tsarin mulkin 1999 ya ce ba wanda zai juya Odita Janar a aikinsa, sashe na 87 kuma ya ce ba a cire shi sai da goyon bayan kashi biyu cikin uku na majalisar dattawa. Kariya ce mai kyau a takarda. Amma wannan sashe na 85 ɗin ya hana shi binciken asusun hukumomi da kamfanonin gwamnati kai tsaye, sai dai ya ba su jerin sunayen masu bincike su zaɓa, ya yi sharhi kan rahotonsu. Kuɗi masu yawan gaske kuwa ta nan suke bi.

Sai aljihun kwamitin kansa. Idan ma'aikatar da za a bincika ita ce ke biyan kuɗin jirgi da masauki lokacin ziyarar gani da ido, magana ta ƙare, domin idan baki ya ci, dole ido ya ji kunya. Haka nan ɗan kwamitin da ke neman a cusa aikin mazaɓarsa cikin kasafin wannan ma'aikata, ko a ɗauki yaransa aiki a can.

Akwai wata dabara ta Birtaniya da take burge ni. Wanda ke amsa tambaya gaban kwamitin asusu yawanci babban sakataren ma'aikata ne, ba minista ba, kuma da sunansa yake ɗaukar alhakin kowane kashe kuɗi. In minista ya matsa masa ya kashe abin da yake ganin ya saɓa ƙa'ida ko asara ce, sai ya nemi umarni a rubuce, a aika wa Odita kwafe. Kwamitin kuma ba ya shiga muhawarar ko manufar gwamnati daidai ce, tambayarsa kawai ko an kashe kuɗin inda majalisa ta amince, ko kuma kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Wannan iyaka ce ke ba ɗan jam'iyya mai mulki damar sa hannu kan rahoto mai zafi ba tare da an ce ya ci amanar gidansu ba.

Shirun da kake ji bayan hayaniya kuwa, dalilinsa shi ne kwamiti ba kotu ba ne. Yana iya aika sammaci, ya nemi takardu, ya fallasa, ya ba da shawara, amma gurfanarwa da ƙwato kuɗi aikin wasu hukumomi ne, waɗanda mafi yawansu ƙarƙashin ɓangaren zartarwa suke. A Birtaniya baitulmali na mayar da amsa a rubuce kan kowace shawara, ya ce ya karɓa ko ya ƙi, daga baya ya kawo bayanin inda aka kwana. Inda babu irin wannan tilas, rahoto na iya kwanciya ba a ko karanta shi a zaure ba. Ƙari a kan haka, a wurare da yawa rahoton Odita kan iso ne bayan shekaru, lokacin da babban sakataren ya yi ritaya, ministan ya sauya jam'iyya, takardun kuma an ce ba a gan su ba. In kana son auna kwamitin ƙasarku, duba asusun wace shekara yake tattaunawa yanzu, sannan ka nemi amsar da gwamnati ta bayar a rubuce kan rahotonsa na baya.