Tambaya da Amsa: Dunduniyata kamar na taka ƙusa, ko in je a rage min ciki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah a sakaya sunana. Daga wani ƙauye nake a ƙasar Ringim, shekarata 43 'ya'yana bakwai, sana'ata suyar awara da ƙosai. Wata biyar kenan dunduniyata ta dama ta hana ni sakat, in na tashi da asuba zan yi alwala wallahi kamar na taka ƙusa sai na dafa bango nake isa bakin randa, in na ɗan zazzagaya ya lafa, da yamma in na zauna na huta na miƙe kuma ya dawo sabo fil. Wanzami ya yi min tsaga ba a dace ba, wata ta ce sanyi ne, gwaggona kuma ta dage wai sawuna aka ɗauka. Da na je asibiti aka ɗora ni a sikeli kilo 104 ga hawan jini, likitan ya ce in rage ƙiba. To ƙanina da ke Kano ya ce akwai aikin da ake yi a rage wa mutum ciki ya rame, har yana maganar sayar da gonarsa. In an yi min aikin ƙafar za ta daina?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Kafin komai ki ce wa ƙanin nan naki ya bar gonarsa tukuna, Allah ya saka masa da alheri amma ba a kai nan ba.

Yadda kika kwatanta ciwon nan, takun farko na asuba ya fi zafi sannan ya lafa in jiki ya motsa, ya yi kama sosai da wanda likitoci ke ce wa filanta fashiyaitis. Akwai wata jijiya mai faɗi mai kauri a tafin ƙafa da ta taso daga ƙashin dunduniya ta tafi har gindin yatsu, kamar tsirkiyar baka take, ita ke riƙe lanƙwasar tafin ƙafa. In nauyi da tsayuwa suka yi mata yawa sai ta riƙa 'yar ƙananan yagewa daidai inda ta kama ƙashin. Da daddare kina barci ta tsuke, da asuba kina takawa kin fizge ta lokaci guda, shi ne ƙusar da kike ji. An fi ganinsa tsakanin shekara 40 zuwa 60, da masu jiki, da masu wuni a tsaye. Kin ga ke duk kin haɗa, ba sai an ɗauki sawun kowa ba. Ni kaina ya taɓa kama ni lokacin da nake aikin dare da wani shafaffen silifas, sai da na yi wajen wata bakwai ina ɗingishin asuba, har maigidan ya sa min suna.

Abin da zai kwantar miki da hankali, wajen mutum 9 cikin 10 suna warkewa ba tare da an taɓa su da wuƙa ba, sai dai yana da naci, wata shida har shekara yana iya ci. Maganinsa kuma araha ne shi ya sa mutane ke raina shi. Kafin ki sauko daga gado, ki ɗora ƙafar a kan ɗaya gwiwar ki kama yatsun ki ja su baya wajen ƙauri har ki ji jijiyar ta miƙe a tafin ƙafa, ki ƙirga goma ki saki, sau goma, ki kuma yi da rana da dare. Sannan ki dafa bango ki mayar da ƙafar mai ciwo baya, gwiwa a miƙe dunduniya a ƙasa, ki karkata gaba har sha-raɓarki ta ja, kamar daƙiƙa 30 sau uku. Da yamma in kin tashi daga suya ki sami robar ruwa mai ƙanƙara ki riƙa murza ta da tafin ƙafa minti 10 zuwa 15, na san maganar wuta a ƙauye, in babu firji ko wajen masu sola ba a samu ba to kwalbar lemo ma ta yi.

Sai takalmi, nan ne rigimata da matanmu. Yawo ba takalmi a kan daɓen siminti da silifas ɗin wanka da ya cinye ya zama kamar faifai, su ke hana ciwon nan tafiya. Ki nemi mai taushin ƙasa mai ɗan tudu a baya, ko kambas na gwanjo, ki aje shi a bakin gado kada ki taka ƙasa sai da shi. Wajen suya kuma ki nemi kujera ki rage tsayuwa, ɗaukar ruwa daga burtsatse a bar wa yara. Tsaga kam ki daina, in akwai ciwon suga a ɓoye ƙaramin rauni a ƙafa yana iya zama gyambon da zai ƙi ji.

Yanzu aikin da ƙaninki ya ji labari. Gaskiya ne ana yi, amma ba kitse ake kwashewa ba kamar yadda mutane ke zato, tumbin da abinci ke sauka a ciki ake taɓawa. A wani nau'in ana yanke kusan kashi 80 cikin 100 a cire gaba ɗaya, abin da ya rage ya dawo siriri kamar ayaba, kuma ba a mayarwa. A wani kuma a ware ɗan ƙaramin aljihu a saman tumbin a haɗa shi da hanji kai tsaye abinci ya tsallake wani sashe. Likitoci na duba wani lissafi da ake kira BMI, nauyinki a kilo a raba da tsawonki a mita sau kansa. Ba ki faɗi tsawonki ba, amma a ce mita 1.6 ne, 104 a raba da 2.56 ya ba da kusan 40 da rabi. Tun 1991 ƙa'idar da aka sani ita ce 40 zuwa sama, ko 35 in akwai suga ko hawan jini, a 2022 ma ƙungiyoyin likitocin fannin suka sassauta ta. Wato a takarda kina iya shiga layi, kuma aikin yana taimakon masu suga da hawan jini ƙwarai, ba zan ɓoye miki ba.

Sai dai fa alƙawari ne na har abada. Makonnin farko ruwa-ruwa za ki riƙa sha, daga baya loma kaɗan ta cika ki, ƙwayoyin bitamin B12 da na ƙarin jini da na ƙarfin ƙashi kullum har ƙarshen rai, ga gwajin jini lokaci-lokaci, ga hana ɗaukar ciki na shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, azumi ma sai kin zauna da likita. Mace tana ƙauye asibitin da ya yi mata aikin yana nisan duniya, in matsala ta taso da tsakar dare wa zai duba ta? Wani abin ma, masu irin na tsallake hanjin nan ana hana su ibufurofen da diklofenak saboda suna jawo musu olsa, su ne kuma magungunan da aka fi bai wa mai ciwon dunduniya. Ke ma da hawan jininki kada ki mayar da su goro, haɗin kemis ɗin nan da ake ƙulla wa mutum a leda yana cin ƙoda.

Rage nauyi zai sauƙaƙa wa ƙafar, wannan likitanki ya yi daidai, amma ko kilo 5 zuwa 10 kika sauke jininki da gwiwoyinki za su shaida. Ki fara da abin da na san masu suya na yi, ɗanɗanon nan na kowane kasko, awara biyu nan ƙosai uku can kafin azahar an ci kwano ba a sani ba. Malmala uku ta koma biyu, a cika da kwaɗon zogale ko rama da wake, furar a rage mata suga, lemon kwalba a bar shi sai biki. Shayin rage tumbi na 'yan TikTok kuwa yawanci gudawa kawai yake sa mutum.

In kin yi wata uku kina wannan babu canji, ki je sashen gashin ƙashi a Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Malam Aminu Kano, ko Rasheed Shekoni a Dutse in ya fi miki kusa. In an ɗauki hoto aka ce wani ɗan ƙashi ya tsiro a dunduniyar kada ki tsorata, mutane da yawa na da shi ba sa jin komai. Akwai allurar da ake yi a wajen tana ba da sauƙi na ɗan lokaci, amma yawan ta na iya tsinka jijiyar, kada ki bari kowa ya yi miki a shago. Amma in ƙafar ta kumbura ta yi zafi, ko tana dindiris, ko ciwon na tashin ki daga barci, wannan kada ki jira wata uku, ki tafi a satin, ki ce kuma a gwada miki suga.