Ni zafi ne ya fara wahalar da ni a Bradford

Ƙanena, saƙonka ya iso tun makon jiya. Kai ne na huɗu a watan nan da ya tambaye ni maganar sanyin Ingila, kuma duk bakinku ɗaya: wace rigar sanyi za a saya a Ƙofar Wambai, kuma ai an ce kowane ɗaki da abin ɗumama shi, to ina matsalar? Rigar ka sayi mai kauri guda ɗaya, ta ishe ka. Abin ɗumama ɗakin ne nake so mu tsaya a kai, don ni ba sanyi ne ya fara sa ni ƙwalla a ƙasar nan ba. Zafi ne.

Hunturun 2022 ne, shekarar da kuɗin gas ya yi tashin gwauron zabi har gwamnati ta sa baki ta tsayar da na matsakaicin gida a wajen fam 2,500 a shekara. Mu huɗu ne a gidan haya, mita ɗaya, irin wadda ake loda wa kuɗi kafin a sha. Ɗakina ne a can sama, ɗan tsukuku. A jikin bango akwai ƙarfen ɗumama ɗaki, wanda suke kira radiyeta. Ka ɗauke shi kamar lagireton mota: tukunyar gas da ke kicin tana dafa ruwa, famfo yana tura shi cikin bututu, ya ratsa ƙarfen ya koma. A gindinsa akwai wani farin murfi mai lambobi daga 0 zuwa 5. Na murɗa shi zuwa 2, ƙarfe kamar kaskon suya. Na kai shi 0, bayan awa guda har yanzu ba ya taɓuwa. A tsakiyar Janairu, waje ƙanƙara, ni kuwa ina kwance da singileti da taga a buɗe, ina zufa kamar ana Afrilu a Kano, mita tana cin kuɗin da na tsaya awa takwas a sito na samo. Abokan zamana kuma suka fara yi min kallon wanda ke ƙona musu dukiya, kuma da gaskiyarsu.

Na kira ejan ɗin gidan sau uku. Kullum amsa mai daɗi, za a turo mutum. Mako uku ba wanda ya zo. A nan ba a yi maka tsawa, murmushi za a yi ta yi maka har ka gaji ka bari, kuma wannan ya fi min ciwo.

Wanda ya cece ni wani dattijo ne ɗan asalin Pakistan da muke sahu ɗaya a masallaci, filamba ne da ya ajiye aiki. Bayan Isha ya biyo ni, ko akwatin kayan aiki bai ɗauko ba, cokali kawai ya ce in ba shi.

Abin da ya fara gyara min shi ne fahimtata. Ni a zatona murfin nan kamar kan famfo ne, 5 ruwa da yawa, 1 kaɗan. Ashe lambobin zafin ɗaki suke nufi. 3 wajen digiri 20 ne, alamar tauraro kuwa wajen 7, don kada ruwa ya daskare a bututu. A cikin murfin akwai ɗan kwanso mai kaki ko wani ruwa da ke kumbura idan iskar ɗaki ta ɗumama. In ya kumbura sai ya danna wata 'yar ƙusa ƙasa, ita kuma ta toshe hanyar ruwan zafi. Ɗaki ya huce, kakin ya tsuke, sifirin ya ɗago ƙusar, ruwa ya wuce. Irin aikin abin nan ne da bakanikenmu ke cirewa daga injin motocin Kwatano su jefar, wai ƙasarmu da zafi. Shi ya sa taga da nake buɗewa ƙara ɓata lamarin take ko da a lafiyayyen bawul, wato mashigar ruwan da murfin ke zaune a kai: iska mai sanyi ta sauko kan murfin, shi kuma ya ɗauka ɗakin ya yi sanyi, ya buɗe gaba ɗaya.

Dattijon ya murɗa murfin zuwa 5, ya kwance zoben da ke ƙarƙashinsa da hannu, ya ɗaga shi. Na ja da baya ina jiran ruwa ya yi tsartuwa, ya yi dariya. Murfin busasshe ne, ruwa yana ƙasa cikin jikin bawul. Ga ƙusar nan tsaye, ba ta kai tsinken ashana tsawo ba. Ya danna ta da bayan cokali, ta shiga kamar milimita biyu, ya saki ta dawo. Ya ce lafiyarta ƙalau, murfin ne ya mutu, ba ya iya danna ta. Washegari na ɗauki tsohon na kai shagon kayan famfo, don ba duka ne bakinsu ɗaya ba. Yawanci girman bakin da ake ɗaurawa shi ne wanda suke kira M30, amma wasu na kamfanin Danfoss nasu daban ne. Ban kashe fam 20 ba, na ɗaura da hannuna, daren nan na yi barci da bargo.

Ba kullum ne abin ke zuwa da sauƙi haka ba. Wani lokaci zoben ne kawai ya saki, murfin bai zauna daidai ba, ɗaure shi ya wadatar. Wani lokaci ƙusar ce ta cije saboda tsatsa da dauɗa, sai a ɗan ɗiga mata mai, a yi ta dannawa a hankali, a ɗan ƙwanƙwasa gefen bawul ɗin. Kada ka kama ta da filaya ka fizga, kana iya zare ta ruwa ya biyo. In kuwa ƙusar tana sauka har ƙasa amma ƙarfen bai huce ba, to robar ciki ta cinye ko datti ya tokare, kuma wannan sai an zubar da ruwan bututu. Nan hannunka ya tsaya. Abin da za ka iya kafin a zo shi ne ka je ɗaya gefen ƙarfen, akwai wani bawul mai hular roba marar lamba, ka cire hular ka ɗaure shi da ƙaramar sifana. Ka ƙirga zagaye nawa ka yi ka rubuta, don da shi aka daidaita rabon ruwa tsakanin ɗakuna, in ka mayar da shi yadda ka ga dama wani ne zai kwana cikin sanyi. Idan ka ga ƙarfe ɗaya a gidan, galibi na zaure ko banɗaki, babu murfi mai lamba, da gangan ne aka bar shi, ka ƙyale shi.

Manyan notocin da ke haɗe da bututu kuwa, ko da wasa. Ruwan ciki baƙi ne wuluk kamar tawadar allo, in ya zuba a kafet ba ya fita, kuma kuɗin jinginar da ka ajiye, wanda kan kai hayar mako biyar, da shi za a biya. Na san wanda ya yi. Tukunyar gas ɗin ma doka ta hana kowa buɗe ta sai mai rajistar Gas Safe, wato rajistar ma'aikatan gas da hukuma ta amince da su.

Kuskurena shi ne kiran waya. Dokar haya ta 1985, sashe na 11, ta ɗora gyaran kayan ɗumama gida a wuyan mai gida, amma sai ka nuna ka sanar da shi. Ka rubuta imel, ka sa kwanan wata, ka haɗa hoto. In an yi biris da kai, akwai sashen kula da gidajen haya a ƙaramar hukuma. Ni ban sani ba a lokacin, kunya irin tamu ta gida ma ta hana ni matsawa, har fam 20 ɗina ban nema ba. Yanzu duk ɗalibinmu da ya sauka a unguwar nan, ni ake kira da cokalina, na duba sun fi goma.

Ka tuna awa 20 kacal bizarka za ta ba ka ka yi aiki a mako lokacin karatu, kuma daga ciki gas zai ci. Ranar da za ka duba ɗaki, ka sa a kunna tukunyar a gabanka, ka murɗa murfin zuwa 0, ka jira ka taɓa kafin ka sa hannu a takarda.

Ka gaida Umma. Ka ce mata kada ta sako kilishi, ƙwacewa za a yi a filin jirgi. Yaji dai, ta cika leda.