Me Ya Haɗa Dusa da Ƙanƙara?

Wani ɗalibi ɗan unguwar Gwale da ke karatu a Faransa ya rubuto cewa abokansa sun kai shi Chamonix, garin masu wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara da ke gindin tsaunin Mont Blanc. Ya kira kakarsa a waya ya ce mata ƙanƙara ta kwana tana zuba har ta kai masa gwiwa. Tsohuwa ta rafka salati ta ce, "Kai ɗan nan, kanka dai bai fashe ba?" Yana son ya san wa ya kauce, shi ko ita.

Kai ne ka kauce, ɗana, Hajiya ta fi ka Hausa. Ƙanƙara a bakin Bakano ita ce wadda ke saukowa da damina cikin hadari mai tsawa, ta yi ta dukan kwanon rufi, ta yayyaga ganyen dawa a gona. Iska ce ke cilla ɗigon ruwa can ƙololuwar gajimare, ya daskare, ya yi ta ƙara kauri har nauyi ya rinjaye shi ya faɗo. Da firji ya shigo gari sai sunan ya bi ruwan da aka daskarar, shi ya sa mai zoɓo a Kasuwar Rimi ke tambayarka ko a sa maka ƙanƙara. Dutsen ƙyastu ma ƙanƙara ake ce masa. Tauri ne ya haɗa su duka ukun.

Abin da ka gani kuwa ba shi da tauri. Tururin ruwa ne ke daskarewa kai tsaye a cikin gajimare, ya zama ɗan ɓarɓashi mai kusurwa shida, ya sauko a hankali ba ko motsi. Wanda ya fara ce masa dusar ƙanƙara ya san surfe: dusa ba ta da nauyi, iska kaɗan ke kwashe ta, in ka damƙa ta cika hannu amma ba komai a ciki. Haka wannan take, domin yawancinta iska ce. Idan sabuwa ta taru santimita 10, aka narkar da ita, ruwan da za a samu bai wuce kimanin santimita 1 ba. A ganina cikin kalmomin da muka ƙera don abin da babu shi a ƙasarmu, kaɗan ne suka kai wannan dacewa.

Sai dai suna ɗaya muke da shi, su kuwa mutanen tsauni iri-iri suke gani. In sanyi ya tsananta sosai, busasshiya ce ke zuba, washar-washar, ita masu zamiya suka fi so. In awon zafi yana dab da sifili, jiƙaƙƙiya ce mai nauyi da danƙo. Rana kuma takan narkar da samanta da yini, dare ya sake daskarar da ita, a wayi gari gangaren ya zama falalen santsi. To a nan kaɗai za ka ce ƙanƙara ban yi maka gyara ba.

Wata malamar makaranta daga Tarauni ta tambaya ko daidai ne a kira lokacin sanyin Turai hunturu, kamar yadda take ji a rediyo.

Malama, an saba da shi, ba zan ce haramun ne ba, tunda watannin sun zo ɗaya: Disamba zuwa Fabrairu. Amma hunturu iska ce kafin ta zama lokaci, busasshiyar iskar da ke tasowa daga Sahara ta arewa maso gabas, ta fasa leɓe da diddige. Sanyin da take kawowa shi ne ɗari. Kalmar sanyi ta fi faɗi, har damshi tana ɗauka, kamar a ce ɗaki ya yi sanyi da damina. Hazo ma haka: namu ƙura ce, wadda kan hana jirgi sauka a filin Malam Aminu Kano, na kan tsauni kuwa gajimare ne ya sauko ya lulluɓe mutum, ya jiƙa masa riga. Muku-mukun Kano da asuba yakan tsaya wajen digiri 12 ko 13 ne, nesa da inda ruwa ke daskarewa.

A kan tsauni, duk mita 1,000 da ka hau zafi na raguwa da kusan digiri 6 da rabi. Dalilin da Jos ta fi mu sanyi ke nan. Amma tudu kaɗai bai isa ba: Chappal Waddi a Jihar Taraba, wanda ya fi kowane tsauni tsawo a Najeriya, ya kai mita 2,419, duk da haka dusar ƙanƙara ba ta zama a kansa. Oukaimeden a Maroko, kudu da Marrakesh, yana wajen mita 2,600 ne, amma da yake ya yi arewa sosai ana zamiya a can a Janairu da Fabrairu, in shekara ta yi kyau. Inda kalmar hunturu ke tuntuɓe shi ne ƙasar Lesotho, can kudancin Afirka. Filin zamiyar Afriski yana aiki ne daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da mu muke tsakiyar damina. Mai fassarar da ya ce hunturu a nan ya rikita mai sauraro. Ya ce lokacin sanyi, ya huta.

Tambaya ta ƙarshe daga wani Alhaji ce a Kantin Kwari: akwai karin magana a kan dusar ƙanƙara?

Ranka ya daɗe, da abin da ido ya saba gani ake ƙera karin magana, don haka kada ka wahalar da kanka. Amma muna da wadda za ta yi aiki a can: da sanyin safe ake kama fara. Fara ba ta da ɗumin jiki nata na kanta. In ɗari ya kwana a kanta sai ta sandare a jikin kara, a tsince ta da hannu, rana na ɗagawa kuwa ta tashi. Ma'anar ita ce a yi abu tun yana yiwuwa.

A tsaunukan Alps, inda Chamonix yake, wannan lissafin rai ne. Wajen Maris da Afrilu, rana kan sassauta dusar da ta taru a gangare, da la'asar sai ta zaftaro gaba ɗaya ta binne abin da ta tarar. Don haka masu hawa ke sammako su sauko kafin azahar. Bayan dare mai zuba da yawa, ma'aikata kan fita da asuba su tayar da nakiya, su zubo da tarin da ke barazana kafin a buɗe wa jama'a hanya. Kowace rana kuma ana sanar da girman haɗarin a ma'auni mai hawa biyar, daga 1 zuwa 5.