Ɗan bayan da aka zaɓa gwarzon shekara: amsa kan Dave Pietramala da wasan lakros

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena yana karatu a birnin Baltimore na Amurka, yana yawan turo mini bidiyon wani wasa da suke kira lakros. Ya ce a Jami'ar Johns Hopkins har gobe ana labarin wani Dave Pietramala, alhali ɗan baya ne, ba mai zura ƙwallo ba. Me ya yi a shekarunsa na jami'a, kuma da me ake auna gwanintar ɗan baya a wannan wasa?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan uwa. Na ji daɗin tambayar nan, domin galibin masu sabon kallo idonsu na kan mai jefa ƙwallo a raga, kai kuwa ka tambayi wurin da aikin yake.

Bari in fara shimfiɗa maka filin. Lakros wasa ne da ya samo asali daga 'yan asalin Arewacin Amurka, musamman al'ummar Haudenosaunee. A wasan maza kowace ƙungiya tana da mutum 10: gola, 'yan baya 3, 'yan tsakiya 3, 'yan gaba 3. Kowa na riƙe da sanda mai 'yar raga a kai, da ita ake caɓe ƙwallon roba mai tauri, a gudu da ita, a wurga. Sandar ɗan gaba gajeriya ce, inci 40 zuwa 42. Ta ɗan baya kuwa gora ce sosai, tana kaiwa inci 72, wato ƙafa 6. Raga ƙafa 6 ce tsawo da faɗi, kuma ba a ƙarshen fili take ba, akwai yadi 15 a bayanta inda ake ci gaba da wasa. Riƙe wannan da kyau, don yawancin wahalar ɗan baya daga bayan ragar nan take ɓullowa.

Pietramala ɗan Hicksville ne a yankin Long Island na jihar New York, an haife shi a 1967. Ya buga wa Johns Hopkins kaka huɗu, daga 1986 zuwa 1989, a ƙarƙashin koci Don Zimmerman. A shekararsa ta biyu, 1987, suka ɗauki kofin jami'o'i na ƙasa bayan sun doke Cornell da ci 11 da 10. Daga wannan shekara har ya kammala, sau uku a jere ana sa shi cikin sahun farko na zaɓaɓɓun 'yan wasan Amurka. A 1988 da 1989 ya karɓi lambar Schmeisser, wadda ake bai wa ɗan bayan da ya fi kowa.

Amma 1989 ce shekarar da ta sa ƙanenka yake jin sunansa. A lokacin Jami'ar Syracuse ce ke jan zarenta, tana da tagwaye 'yan Kanada, Gary da Paul Gait, waɗanda suka rikita duk wani tsarin tsaro. Gary ne a 1988 ya taso daga bayan raga, ya yi tsalle ya tsallake da'irar gola, ya cusa ƙwallo yana sama, salon da daga baya aka haramta. A duk kakar 1989 Hopkins ce kaɗai ta ci Syracuse. Da suka sake haɗuwa a wasan ƙarshe a College Park ta jihar Maryland, Syracuse ta rama da ci 13 da 12. Ƙungiyar Pietramala ta rasa kofi, amma shi aka zaɓa ɗan wasan da ya fi fice a gasar, kuma shi ya karɓi lambar Enners ta gwarzon shekara. Gary Gait ne ya ɗauki wannan lamba a 1988, shi ya sake ɗauka a 1990. Wato a tsakiyar zamanin Gait wani mai dogon gora ya ratso ya karɓe ta. Idan kana bin ƙwallon ƙafa, ka tuna yadda ɗan baya Fabio Cannavaro ya ɗauki Ballon d'Or a 2006. Don ka ƙara ganin wuyar abin, lambar Tewaaraton, wata lambar gwarzon shekara ta lakros na jami'o'i da aka fara bayarwa a 2001, har zuwa 2024 babu ɗan bayan da ya taɓa samun ta a ɓangaren maza.

To da me ake auna ɗan baya? Ni a wurina, kafin ka kalli sandarsa kalli ƙafarsa. Sake buɗe bidiyon da aka turo maka, ka jira lokacin da ɗan gaba ya tsaya da ƙwallo a bayan raga. Ɗan baya na gabansa a ɗan durƙushe, gwiwa a lanƙwashe, kan gorarsa na taɓa safar hannun abokin karawar, yana zungurinta kaɗan-kaɗan kamar mai tsokanar maciji a rami. Ɗan gaba ya yi kamar zai bi dama, ya murɗa hagu. Gwani ba ya kai duka a nan. Yana jan ƙafa ne a gicciye, ya riga shi isa gefen raga, ya sa masa dunƙulen hannu a ƙugu ya tura shi inda ba zai ga bakin raga ba. In ya yi haka, ɗan gaba ya koma baya ko ya miƙa wa wani, kuma babu abin da za a rubuta a takardar ƙidaya. Wannan shi ne rabin aikin, kuma shi ne wanda kyamara ba ta damu da shi ba.

Abin da ya bambanta Pietramala shi ne bai tsaya a tarewa ba, ƙwace ƙwallo yake yi. Dogo ne ƙaƙƙarfa, ga hannu mai sauri, yana iya ɗaga gora ta saman kan mutum ya sauke ta a kan sandarsa, ƙwallo ta faɗi, ya kwashe ta a guje ya haura da ita. Irin wannan duka kasada ne: in ka kuskure, mutuminka ya wuce ka, in kuwa gora ta sauka a kansa alƙali ya fitar da kai na ɗan lokaci, ƙungiyarka ta rage mutum guda. Shi ya sa kociyoyi ke hana yara yin sa. Wanda ƙafarsa ta riga ta ajiye shi a daidai ne kawai zai iya, kuma ina ganin nan ne masu kwaikwayonsa suke ɓata, sun ga dukan ba su ga takun da ya gabace shi ba.

Sauran ma'aunan su ne kwasar ƙwallon da ta faɗi ƙasa cikin turereniya, fitar da ita lafiya zuwa ɓangaren abokan hamayya, da kuma baki. Ɗan baya marar magana matsala ne, domin in aka wuce ɗaya dole wani ya bar nasa mutumin ya kawo ɗauki, na uku ya rufe gurbin, duk cikin ƙiftawar ido. A yau ana ƙirga sau nawa ɗan baya ya sa abokin hamayya ya yi asarar ƙwallo, amma a zamanin Pietramala ba a fara wannan ƙidaya a hukumance ba. Shaidar kociyoyin da suka kara da shi ce ta ɗaga shi. Kada kuma ka kwatanta shi kai tsaye da yaran yanzu, don sandunan zamani sun fi riƙe ƙwallo, ƙwacewa ta ƙara wuya.

Bayan jami'a ya horar da Cornell daga 1998 zuwa 2000, ya dawo Hopkins ya riƙe ta daga 2001 zuwa 2020, ya ɗauki kofi a 2005 da 2007. A 2021 kuma Gary Gait, wanda ya zama kocin Syracuse, ya ɗauko shi ya damƙa masa tsaron bayan ƙungiyar.

Lakros zai dawo gasar Olamfik a Los Angeles a 2028, sai dai da tsarin mutum shida-shida, wanda ba a shiga da dogon gora. Idan irin aikin Pietramala kake son gani, wasannin jami'o'i za ka nema, daga Fabrairu zuwa ƙarshen Mayu. Ka ce wa ƙanenka ya je filin Homewood da ke cikin Hopkins, ya zauna ta wajen bayan raga, ya ɗauko maka minti biyar na ƙafafun 'yan baya kawai.