Za a haɗe sashenmu da wani, mutuwarsa ke nan?

Tambaya: Ranka ya daɗe Farfesa, ni ƙaramar lakcara ce a sashen falsafa. Ana ta raɗe-raɗin za a haɗe mu da sashen tarihi wai ɗalibanmu sun yi kaɗan, wasu ma na cewa rufewa za a yi. Wallahi hankalina a tashe yake, ga digirina na uku ban gama ba. Me zan yi?

Amsa: Malama, kwantar da hankalinki tukuna. Ba a haɗe sashe ko a rufe shi da hirar ɗakin malamai, sai maganar ta bi ta hukumar tsangaya ta je sanet, wato majalisar ƙoli ta harkokin karatu a jami'a, kuma shugaban sashenku yana da kujera a duka biyun. Ki tambaye shi ko akwai takarda a ƙasa.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan lissafin na "ɗalibai sun yi kaɗan", kusan kullum sai na ji shi a bakin masu gudanarwa kuma yana ɓata min rai. Su waɗanda suka zo neman digirin falsafa kawai suke ƙirgawa, ba sa ƙirga ɗaliban lauya da likitanci da injiniya da ke shigo muku kwas ɗin mantiƙi da na ɗa'ar sana'a, alhali malamanku ne ke koyarwa su ne ke makin takardun nan. Sai kuma su ce ai in buƙata ta taso za a sake buɗewa. Da wa za a buɗe? Digiri na uku kaɗai yana cin shekara 3 zuwa 5, kafin mutum ya kai matsayin duba aikin wasu masu digiri na uku kuma wasu shekarun ne, to in farfesoshi biyu suka yi ritaya ba a cike gurbinsu ba shi ke nan, babu mai duba ɗalibai irinki, laburare ya daina sayen littattafan fannin, sashen ya mutu ba tare da an taɓa rubuta takardar rufe shi ba. A 2015 ministan ilimi na Japan ya rubuta wa jami'o'in gwamnati su rufe ko su sauya irin waɗannan sassan, har ƙungiyar manyan 'yan kasuwar ƙasar, Keidanren, sai da ta fito ta ce ita ba haka take so ba.

Haɗewar ita kanta tana iya zama alheri, na ga inda ta yi amfani. Amma ku dage a rubuta cewa digirin falsafa zai ci gaba da sunansa, guraben malamanku kuma naku ne ko da wani ya tafi. Ku haɗa jimillar duk ɗaliban da kuka koyar a shekara 5 da suka wuce, har na sauran tsangayoyi, ku miƙa wa shugaban tsangaya kafin zama na gaba. Ke kuma ki matsa wa mai duba aikinki ku tsayar da ranar kare shi.