Ƙarin kaya a takardar neman jami'ar Amurka: a tura ko a bari?

Hajiya, kin ce 'yarki tana cike Common App, wato fom ɗin intanet na neman jami'o'in Amurka da yawa, tana da zane-zane, da tarin takardun yabo, ga kuma wani babban mutum da ya ce zai rubuta mata wasiƙa, shin a haɗa duka a tura? Zanen kaɗai ne abin dubawa. Sauran a bar su a gida.

Takardun yabo ba a tura hotonsu. Fom ɗin yana da gurbin lambobin yabo 5 da na ayyuka 10, kowane aiki a bayyana shi cikin haruffa 150. A nan za ta rubuta su. Sakamakon WAEC kuwa ba ƙari ba ne, dole ne, kuma makarantarta ce ke turawa. Wasiƙar babban mutum, in bai taɓa koyar da ita ko sa ta aiki ba, ba ta da amfani komai girman kujerarsa. Gara ta malamin da ya san inda ta yi tuntuɓe da yadda ta tashi.

To, zane. A jami'o'i da yawa ba ma'aikacin ofishin ɗaukar ɗalibai ne ke yanke hukunci a kansa ba, ana miƙa shi ne ga malaman sashen zane. Su kuwa da aikin waɗanda suka shekara suna horo za su gwada shi. In ya yi fice, ya ɗaga ta. In na tsaka-tsaki ne, sai ya nuna ba ta san matsayin aikinta ba, alhali rashin turawa ba ya rage wa kowa maki. Don haka kada 'yan gida su zama alƙalai, ai kowa nasa ne gwani. A kai wa malamin zane da ba ya jin nauyinku, a ce ya faɗi gaskiya.

In ya ce a tura, sai a karanta ƙa'idar kowace jami'a daban, don ba ɗaya ba ce. Jami'o'in gwamnatin Kalifoniya, alal misali, ba sa karɓar wasiƙun shaida lokacin cike fom. Jami'ar MIT tana da gurbi na musamman ga masu ƙere-ƙere. Yawanci ta shafin intanet na SlideRoom ake ɗora zanen, da kuɗi 'yan daloli, kuma ana iya yafe wa wanda aka yafe wa kuɗin fom. Kada a aika ta imel ko gidan waya sai in sun nema.

Adadin da suka ce, shi za a bi, a sa mafi ƙarfi a gaba. A ɗauki hoton da hasken rana, kyamara a miƙe, bango ba hayaniya, a rubuta sunan aikin, girmansa, abin da aka zana da shi da shekara. Zanen da aka kwafo daga hoton intanet a cire shi, nan take suke ganewa.

Inda aka fi faɗuwa shi ne ranar rufe karɓa. A jami'ar Stanford, ga mai tura aikin fasaha a zagayen farko na neman gurbi, 15 ga Oktoba ake rufewa, ba 1 ga Nuwamba ba, a zagaye na biyu kuma 5 ga Disamba, wata guda kafin sauran. Kuma fom ɗin kansa ake so a ranar.

In kuwa digirin zane take nema, to wannan magana ta canja, tura aikin ya zama sharaɗi.